Buroshin Merle Tollefson

A garinmu Osterby in ka ce "Shuɗi" kowa ya san da Merle Tollefson kake. Duk alƙalin wasan besbol haka 'yan kallo ke kiransa saboda shuɗiyar rigar aiki, amma sauran suna tuɓe rigar su koma sunayensu. Merle ne kaɗai sunan ya bi shi har gida. Ko a coci ran Lahadi, yana cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, sai ka ga wani ya sunkuyo daga bencin baya ya ce, "Shuɗi, ƙwallon nan ta jiya fa ba ta shiga ba." Shi kuma ko waiwaye ba ya yi, sai ya ce, "Ga ka a gidan Mai Sama, kai ƙara mana."

In an tambaye shi yadda aka yi ya zama alƙalin wasan yara, ba ya ɓoyewa. "Ina yaro na gwada bugu, ƙwallo ta wuce ni. Na gwada cafewa, ta wuce ni. Sai na ce to, tunda baiwar da Allah ya yi mini ita ce kallon ƙwallo tana wucewa, bari in riƙe abin da hannu biyu." Ainihin aikinsa tuƙa motar makaranta ne, har ya yi ritaya. Yakan ce rayuwarsa duka a cikin ihu ta ƙare: da safe yara na bayansa suna ihu, da yamma yana bayan yara iyayensu na ihu.

Gaskiya ya faɗa. Mu mutanen Osterby, in ba a filin wasa ba, ba ka jin muryarmu. Ka taka ƙafar mutum a kanti shi zai ba ka haƙuri. Amma zaunar da mu a bencin katako, ka sa ɗanmu ɗan shekara goma sha ɗaya ya riƙe sanda, nan za ka ga matar da ke koyar da waƙa a coci ta miƙe tsaye tana tambayar Merle ko a gida ya manto idanunsa. An tashi wasa kuma ta tare shi tana tambayar lafiyar matarsa Arlene, kamar ba ita ba.

Ranar wasa Merle tun da hantsi yake fara shiri. Ya goge wando har layinsa ya tsaya, ya zauna a bakin ƙofar kicin yana goga baƙin takalminsa. Arlene ta gaji da gani.

"Wai kai wa ke kallon takalmin nan? Kana shiga fili ƙura ta rufe shi."

"Kafin in buɗe baki takalmi ya riga ya yi magana," in ji shi. "Suka ga alƙali da dattin takalmi, cewa za su yi idonsa ma haka yake."

"Ai ko da ƙyallin takalmin haka suke cewa."

"To ki bar ni in rage musu hujja."

Yakan riga kowa isa fili. Ya ajiye a-kori-kurarsa can nesa da motocin iyaye, hancinta na kallon titi. Ba wanda ya taɓa bin sa da gudu, amma tsoho Virgil Aasen da ya koya masa aikin ya ce alƙali ba ya tsayawa juya mota a gaban mutanen da ya ɓata wa rai, shi kuwa Merle maganar Virgil ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Iyaye mata suna da rumfa a gefen fili inda suke sayar da gugguru da kofi da kek, amma ko ruwa ba ya karɓa daga hannunsu. Ya ce ranar da ya ci kek ɗin wata uwa ɗanta ya tsira a guje, to kek ɗin ne ya tsirar da shi, ko da duk duniya ta ga ƙafar yaron ta riga ƙwallo. Ba ya musu da koci a gaban yara, ba ya gyara wa abokin aikinsa magana a gaban jama'a. In ƙwallo ta same shi kuwa ba ya sosa wurin, ko da idonsa ya kawo ruwa. Sai ya koma gida Arlene ta ga shatar a cinyarsa ta ce, "Wannan kuma ɗan wa ya sa hannu?"

Wurin aikinsa bayan faranti ne, wannan farar robar da ke dashe a ƙasa inda mai bugu ke tsayawa. Mai jifa na can kan ɗan tudunsa, mai cafewa na tsugune bayan farantin sanye da takunkumin ƙarfe da sulke, Merle kuma na bayan mai cafewa, shi ma da nasa takunkumin, ya yi rabin tsuguno kamar mai shirin zama a kujerar da aka janye. Daga nan yake duba ko ƙwallo ta bi ta saman farantin tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu. In ta bi ya daka tsawa, "Ta shiga!" In ta kauce ya faɗa a hankali. Haka zai yi ta tsugunawa yana miƙewa tun daga jifan farko har na ƙarshe, kuma a wurinsa duk duniya babu kujerar da ta kai wannan da babu ita.

Sai buroshi. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, gashinsa ya cinye ta gefe guda, kuma gadon Virgil ne. Da shi ake share ƙurar da ta rufe faranti. Merle ba ya sharewa daga inda yake tsaye. Sai ya zagaya ta gaba, ya ba fili baya, ya fuskanci 'yan kallo, sannan ya sunkuya. "Mutane sun bar aikinsu sun zo kallon 'ya'yansu," yakan ce, "ba kallon mazaunaina suka zo yi ba. Waɗannan na Arlene ne, ita ma ta ce ganin da ta yi ya ishe ta."

Amma buroshin na da wani aikin da ba a rubuta a littafin doka ba. Wani lokaci sanda takan ɗan shafi ƙwallo ta karkatar da ita baya, ta sami mai cafewa a inda sulke bai rufe ba. Yaro ne, zafi ya gigita shi, ga mutane na kallo, ga mai jifa na jira. A nan alƙali kan ga cewa faranti ya yi datti, ko da yana ƙyalli. Ya ɗaga hannu a dakata, ya zagaya a hankali, ya durƙusa ya yi ta shara har sai yaron ya dawo hayyacinsa. Ba a ce an ji ciwo ba, ba a ce an yi kuka ba, shara kawai aka yi. In kuwa alƙalin ƙwallo ta samu, mai cafewa ne zai tuna yana da muhimmiyar magana da mai jifa, ya taka can tudu a hankali. Duk yaron da ya fara sa takunkumi a garin nan, ranar farko Merle zai sunkuyo ya raɗa masa: "Duk filin nan ni da kai ne kaɗai ake jifa. In ta same ka, zan yi shara. In ta same ni, ka je ka gai da mai jifa, ka tambaye shi mutanen gida." Yaran da ya faɗa wa haka wasunsu yanzu furfura ta fara fito musu.

Gwiwarsa ta hagu ce ta fara cin amanarsa, yana dab da saba'in. Likita ya duba hoto ya ce ƙashi ne ke goga ƙashi, sai an sa ta ƙarfe, kuma ko an sa, maganar tsuguno ya manta da ita. Merle ya yi godiya, ya fito, ya gaya wa Arlene wai likita ya ce ya rage gishiri.

Sai ya gano wata dabara, kuma shi da bakinsa ya ce ita ce mafi ƙasƙancin abin da ya taɓa yi da kayan Virgil. In gwiwar ta fara ci da wuta, sai ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya zagaya ƙafar ta ɗan saki, ya sa gwiwa mai lafiya a ƙasa ya huta yana shara. Da farko jefi-jefi. Kafin masara ta yi bunni, ba a yin jifa kaɗan sai Shuɗi ya ga datti. Wasan da ake gamawa da la'asar ya koma sai rana ta yi ja. Masu rumfa dai sun ji daɗi, gugguru ba ya kwana.

Mai raba wa alƙalai wasanni a ƙungiyar yaran yankinmu ita ce Doreen Kubiak, mai shagon sayar da iri da takin zamani. Ita ce yarinya ta farko da ta taɓa sa takunkumin mai cafewa a Osterby, tun lokacin da ake ganin abin kamar saɓo, kuma Merle ne a bayanta a wancan lokacin. Ta same shi wata Laraba a gidan shan kofi, ta ja kujera ba tare da an ce ta zauna ba.

"Merle, na ji an ce farantin Osterby yanzu har abinci ana iya ci a kai."

"Tsabta ce, Doreen. Ko ita ma an hana?"

"Uwar yaron nan mai cafewa, Emmett Skoglund, ta kira ni. Wai me ya sa ƙwallo ke yawan samun ɗanta, kullum kana share masa. Har asibiti ta kai shi aka tuɓe shi aka duba, ko ƙwarzane babu."

Merle ya kurɓi kofi ya ce, "To ai sai a gode wa Allah."

"Ran Asabar zan zo wasan ƙarshe in zauna in gani da idona. In na ga abin da nake zato, baɗi fili za ka koma. Ba na son yi, amma ka san zan yi, don kai ka koya mini."

Alƙalin fili shi ne wanda ke tsaye can kusa da zango na farko, inda mai bugu ke rugawa in ya bugi ƙwallo, yana duba ko mai gudu ya riga ƙwallo isa. A tsaye ake yi, babu tsuguno, babu takunkumi, babu buroshi. Merle ya daɗe yana kiran wurin gidan gajiyayyu, inda ake ajiye waɗanda ba su fara ba da waɗanda suka gama. Yanzu ga shi ana auna masa ɗaki a ciki. Ya dawo gida ranar bai yi wa kowa ba'a ba, har Arlene ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Ran Asabar ya yanke shawara: zai yi wasan nan daga farko har ƙarshe ba tare da ya ga datti ko sau ɗaya don kansa ba. In Doreen ba ta ga komai ba, ba ta da abin faɗa. Arlene, wadda ta daɗe da sanin gishiri ba shi da laifi, ta ce ya bar buroshin a gida don kar hannu ya yi masa gardama. Ya ajiye shi a kan tebur, ya fita, ya tayar da mota, sai ga shi ya dawo. "Ba taɓa shi zan yi ba," ya ce. "Wandon ne ba ya zama daidai in babu shi."

An cika fili. Yaran garin Harlan ne suka zo, ga iyayensu da nasu makogwaron. Doreen ta zauna a benci na gaba, dab da ragar waya da ke bayan faranti, ta harɗe hannuwa. A bayanta kuma Gordy Skoglund, uban Emmett, mai gyaran tarakta, wanda muryarsa ke isa gonar da ke ƙetaren titi. Gordy ba mugu ba ne, yana son ɗansa kamar ransa, amma ya ɗauka hanyar nuna so ita ce ya riƙa tuna wa yaro cewa namiji ne shi a gaban mutum ɗari.

Zagayen farko Merle ya yi kamar saurayi. Na biyu ma haka. A na uku gwiwar ta fara yi masa magana, ya yi kamar bai ji ba. Sharar da ake yi a farkon kowane zagaye ma a gurguje yake yinta, daga tsaye, ya ɗan ranƙwafa ya shafa ya wuce. Ba hutu, ba jan lokaci, ba durƙuso. Da aka kai na biyar ƙafar ta kumbura ta cika wando, ta sandare a rabin tsugunon nan, ba ta son ta ƙara lanƙwasa, ba ta son ta miƙe. Ya san ta sarai. Ya san in ya kuskura ya kai ƙasa yau, sai dai a zo da tarakta. Don haka ya dubi farantin, wanda a karon farko a wannan shekara ya yi datti na gaskiya, ya yanke hukunci cewa tsaf yake.

"Shuɗi, yau buroshin na hutu ne?" in ji wani daga benci. Aka yi dariya. Merle ya saci kallon Doreen ta cikin takunkumi, ya ga ta saki hannuwanta, har tana cin gugguru. Zuciyarsa ta yi sanyi. Saura zagaye ɗaya, baɗi tasa ce.

A zagaye na ƙarshe, yaron Harlan ya kai bugu, sanda ta shafi ƙwallo, ta dawo kamar harsashi ta sami Emmett a ƙashin wuya, dab da inda sulke ya ƙare. Merle ya ji ƙarar, ya san ta. Yaron bai faɗi ba. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, numfashinsa ya ɗauke, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tashi, Emmett!" Gordy ya daka. "Ba komai ba ne! Namiji ne kai, jefa masa ƙwallo a ci gaba!"

Merle ya tsaya. In ya yi shiru, ɗayan biyu ne: ko koci ya fito a cire wa yaron takunkumi kowa ya ga hawaye da majina, ubansa na kallo, ko yaron ya daure ya ci gaba bai ga ƙwallo sosai ba. In kuwa ya yi shara, ba irin ta tsaye ba ce za ta yi, sai mai tsawo, sai an durƙusa. Ga Doreen taku kaɗan daga wurin. Yana cikin wannan tunanin ne ya ga hannunsa na dama ya riga ya ɗagu sama, na hagu kuma yana cikin aljihu.

"Dakata!"

Ya zagaya ta gaba yana jan ƙafa, ya ba fili baya kamar yadda aka koya masa, ya sauka. Gwiwar ta yi wata ƙara da har mai bugu ya waiwayo. Yanzu fuskarsa na dab da ta Emmett, yana ganin idanun yaron ta tsakanin ƙarafa, jawur, hawaye na bin haɓa.

"Kar ka cire takunkumin," ya ce a hankali, yana shara. "Yi kukanka a ciki, don haka aka yi shi. Ni na sha yi."

"Da zafi, Yallaɓai."

"Na sani. Motsa hannun in gani. Yauwa, bai karye ba. Ja numfashi. Kai, dubi dattin nan, wane malalacin alƙali ne ya bar faranti haka?"

Yaron ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da shessheƙa. Merle ya share tsakiya, ya share gefe, ya bi kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗun suka daina rawa. Sannan ya dafa ƙasa zai tashi. Ƙafar ta ce ba da ita ba. Ya sake gwadawa, duhu ya gilma masa, ya koma. Kuma saboda ɗa'ar da ya riƙe shekara da shekaru, ba bayansa mutane ke kallo ba, fuskarsa suke kallo, duk garin. Da ya saɓa wa Virgil yau kaɗai, da aƙalla mazaunan ne za su sha kunyar.

Sai ya ci gaba da shara.

"Yallaɓai, na warke," in ji Emmett.

"Madalla."

"Farantin ma ya fita."

"Akwai saura a nan gefen."

"Babu fa."

Merle ya ci gaba da goga buroshi. Yaron ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya dubi zufar da ke ɗiga daga haɓarsa a kan farantin da yake sharewa. Sai ya miƙe, ya gyara sulke, ya taka zuwa tudu a hankali kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Ya dafa kafaɗar mai jifa suka juya baya suna magana. Daga baya aka ji wai labarin karyar mai jifa suka yi, wadda ta haihu a ƙarƙashin mota.

Amma labarin kare ya ƙare Merle na nan a ƙasa. Filin Osterby ya yi tsit, abin da ba a taɓa ji ba tun da aka kafa ragar nan. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ga Arlene can ta miƙe tsaye ta rufe baki da hannu.

Ƙofar raga ta yi ƙara. Doreen ce ta shigo, tana kakkaɓe gishirin gugguru daga hannunta, ta ɗaga murya yadda har 'yan Harlan za su ji: "Shuɗi, wannan farantin kamar ya karkace! Tsaya in duba." Ta tsuguna a gefensa, tsugunon tsohuwar mai cafewa, tana lalube gefen robar. Ta rage murya ta ce, "Dafa kafaɗata."

"Ba na karɓar komai daga hannun 'yan kallo."

"Ni ba 'yar kallo ba ce, uwar ɗakinka ce. Dafa, ko in kira Arlene ta zo ta ɗauke ka kamar buhu."

Ya dafa. Suka miƙe tare, ita tana nuna masa wani abu a ƙasa da yatsa kamar suna shawara. Ta taka farantin da dunduniya ta ce, "Yauwa, ya zauna." Sai ga muryar Gordy Skoglund ta cika fili: "Ai ni tun ɗazu na ga ya karkace! Shi ya sa duk hukuncin yau a karkace yake!" Nan take benci ya ɗauka, kowa na rantsuwa shi ma ya gani. Mu Osterby ba mu iya faɗa wa mutum muna ƙaunarsa ba, amma ƙarya irin wannan a kanmu aka sauke ta.

Merle ya ƙarasa wasan. Yadda ya yi, shi da gwiwarsa suka sani. Harlan ta ci mu, aka ɗora masa laifi kamar kullum, kuma ya ce bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Yana zaune a bayan a-kori-kura yana kwance igiyar takalmi Doreen ta iso.

"Kar ki wahalar da bakinki," ya ce.

"Ka kusa rufe ni fa. Da ka bar buroshin nan a aljihu, da na tafi gida ban ga komai ba."

"Na sani. Ina tsaye ina wannan tunanin na ga hannu ya riga ya tafi. Wawan hannu ne, bai taɓa shawara da ni ba." Ya juya takalmin a hannunsa. "Da ni ne ke, Doreen, tun bara na cire ni. Kin yi sakaci da aiki, ki sani."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa, ta juya da sauri ta tafi. Shi kuwa ya daɗe zaune, mota na kallon titi bai tayar ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da gwiwar, kuma wannan karon babu takunkumin da zai yi kukan a ciki.

Da hunturu aka sa masa gwiwar ƙarfe. Ya ce yanzu jikinsa akwai sashen da ya fi motarsa sabunta. Da dusar ƙanƙara ta narke aka buɗe fili, sai ga shi da gogaggen wando da takalmi mai ƙyalli, ya taka zuwa zango na farko ya tsaya. Gordy ya hango shi ya ce, "Shuɗi, an tare a sabon gida ke nan?" Ya ce, "An tare. Iska ma ta fi kyau, kuma daga nan ba na jin ka sosai." Buroshin na aljihunsa, ko da yake a can babu abin sharewa.

Wanda ya gaji faranti Curtis Wahl ne, mai gyaran famfo, magidanci mai natsuwa da ya je kwas ya haddace littafin doka daga bango zuwa bango. Idonsa ya fi na Merle, Merle ma ya yarda, a ɓoye. Wata Asabar ana tsakiyar wasa, ƙwallo ta karkata ta sami sabon mai cafewa a hannu, wani ɗan siririn yaro da takunkumin ma ya yi masa yawa. Yaron ya dunƙule. Curtis ya tsaya a bayansa yana jira, don littafi bai ce komai a kan haka ba.

Ƙafar Merle ta yi taku ɗaya ta tsaya. Ba farantinsa ba ne. Kuma alƙali ba ya gyara wa abokin aiki a gaban jama'a, shi ya sha faɗa wa mutane haka har suka gaji. Ya dubi yaron, ya ga kafaɗun sun fara rawa. Sai mutumin da aka yi shekara da shekaru ana yi wa ihu bai taɓa ramawa ba ya haɗa tafin hannu a baki ya kwarma:

"Kai, Shuɗi! Farantinka ya yi datti!"

Curtis ya dubi faranti, fari fat. Ya dubi Merle kamar mai tambayar ko lafiya. Sannan ya dubi yaron, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ɗaga hannu, ya laluba aljihu ya fito da sabon buroshinsa, ya sunkuya nan inda yake ya fara shara a hankali, ya juya wa dukan iyayen Osterby mazaunansa.

Merle ya buɗe baki, ya rufe. Yaron dai ya samu yana numfashi. Ɗaya maganar, ta juya wa mutane mazaunai, sai an tashi, a wajen mota.